Binocular ko stereo: wane madubi za ka saya tunda dukansu maleƙi biyu gare su?

Ɗan yayata ya gama koyon gyaran waya a Kano, ya yi wata da watanni yana tara kuɗin madubin da zai riƙa ganin ƙananan kayan fanel, wato allon lantarkin da ke cikin waya, da shi. Ya shiga intanet ya ga hoton wata na'ura mai maleƙi biyu, wato wurin sa ido biyu, an rubuta "binocular microscope" a ƙarƙashinta, an kuma ce tana ƙara girman abu sau 1000. Ta maigidansa ba ta wuce sau 45, don haka ya ɗauka ya yi tsintuwa, ya biya. Ranar da kaya suka iso ya kira ni murya a sanyaye: "Kawu, fanel ɗin ma da ƙyar yake shiga ƙarƙashinta, in ya shiga kuma duhu kawai nake gani." Abin ya taɓa ni sosai, domin na san irin wahalar da ya sha kafin kuɗin su taru, kuma kalma ɗaya tak ta Turanci ce ta ja masa wannan asara.

Na'urar lafiyarta ƙalau. Irin wadda ake duba jini da ita ce a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Abin da yaron yake bukata sunansa "stereo microscope". In ka ajiye su gefe da gefe, dukansu maleƙi biyu gare su, dukansu da ido biyu ake duba su, amma abin da ke faruwa da haske a cikinsu ya sha bamban, kuma aikin da ɗaya take yi ɗayar ba za ta iya shi ba ko kusa.

Asalin kalmomin yana taimakawa. "Binocular" daga Latin ta fito, an haɗa kalmar da ke nufin bibbiyu da kalmar da ke nufin ido. Iyakar alkawarinta ke nan: ido biyu za ka sa. Ba ta ce komai game da abin da idanun za su gani ba. "Stereo" kuwa daga Girkanci take, ma'anarta abu mai jiki, wanda yake da kauri da tudu da kwari, wanda za ka iya kewayawa. Ita alkawarinta a kan hoton yake. "Monocular" na ido ɗaya ne. Mai sayar da kaya yakan jera waɗannan kalmomi kamar ado, amma kowace tana amsa tambaya daban, ɗaya tana faɗin yawan maleƙai, ɗayar tana faɗin yawan hanyoyin da haske ke bi tun daga kan abin da ake dubawa.

Kafin a shiga cikin na'ura, a fara da idon da Allah ya ba mu. Miƙe hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da ƙofa ko wata bishiya, sai ka rufe idon dama ka duba, ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. Dalili shi ne tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu akwai tazarar kusan milimita 63 a yawancin manya, don haka kowane ido daga kusurwarsa yake kallon duniya. Ƙwaƙwalwa tana karɓar hotunan nan biyu masu ɗan bambanci, ta auna bambancin, ta mayar da shi zurfi. Wannan aunawar ce likitocin ido ke kira "stereopsis". Da ita tela ke zura zare a kafar allura, da ita mai zuba shayi ke saita bakin kofi daga sama. Gwada zura zare da ido ɗaya a rufe ka ga yadda hannu zai riƙa wucewa ko ya gaza isa. Wani masanin Ingila, Charles Wheatstone, shi ya fayyace wannan a shekarar 1838, ya haɗa madubai biyu da ke nuna wa kowane ido zanensa daban, sai zanen da yake shimfiɗe a takarda ya tashi ya yi jiki a idon mai kallo. Sunan "stereoscope" daga wurinsa ya samo asali.

Abin lura a nan shi ne zurfi ba ya zuwa don kawai idanu biyu suna buɗe. Sai hotunan biyu sun bambanta. Kana kallon talabijin da ido biyu, amma hoto ɗaya idanun suke gani, don haka a shimfiɗe yake.

Madubin asibiti haka yake. A ƙasansa akwai wani faifai mai juyawa da ke ɗauke da gajerun gilasai uku ko huɗu, an rubuta 4x, 10x, 40x da 100x a jikinsu. A kowane lokaci guda ɗaya ne ke fuskantar abin da ake dubawa. Hasken fitila yana tasowa daga ƙasa, ya ratsa silaid, wato ɗan siririn gilashin da aka shafa jini a kai, ya shiga wannan gilashi guda, ya hau sama. A can cikin kan na'urar akwai dunƙulen gilashi mai kusurwa da ke raba hasken gida biyu, rabi ya tafi idon dama, rabi ya tafi na hagu. Hoto ɗaya ne aka yi wa kwafi biyu. Rufe wannan ido ko wancan, babu abin da zai motsa.

To mene ne amfanin maleƙi na biyu idan bai kawo zurfi ba? Wanda ya taɓa yini a kan benci yana duba silaid ya san amsar a goshinsa da wuyansa. Kafin ma'aikacin gwaji ya ce babu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin mutum, ƙa'ida ita ce ya bi aƙalla fili 100 (fili shi ne da'irar da ido ke gani a leƙe ɗaya) na shafin jini mai kauri yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, da gilashin 100x da ɗigon mai a kan silaid. A damina silaid ɗin na iya taruwa tun safe har la'asar. Mai leƙe da ido ɗaya yakan runtse ɗayan, kafin azahar kai ya ɗauki ciwo, kuma gajiyayyen ido shi ne ke tsallake ƙwayar cuta a jinin yaron da ke kwance da zafin jiki. Saboda haka ne a aikin maleriya da duban majinar masu tarin fuka ake son mai maleƙi biyu. Zurfi kuwa babu wanda ya yi kewarsa a wannan aiki. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne, wato in ka raba milimita ɗaya gida dubu ka ɗauki bakwai ko takwas, kuma an shafe ta a kan gilashi an busar. Babu tudu babu kwari da za a nema.

Madubin stereo kuwa madubai biyu ne cikakku aka haɗa a jiki ɗaya. Kowane ido yana da hanyarsa tun daga ƙasa har sama, hanyoyin biyu kuma sun ɗan karkata suna haɗuwa a kan abin da ake dubawa, kamar yadda idanunka ke haɗuwa a kan allura. Wani Ba'amurke mai suna Horatio Greenough ne ya kai wa kamfanin Carl Zeiss da ke Jena a Jamus wannan tsari, suka fara ƙera shi a ƙarshen shekarun 1890, kuma har yau yawancin waɗanda ake gani a shagunan gyaran waya a kan tsarinsa aka yi su. Akwai wani tsarin da ya zo daga baya, mai babban gilashi ɗaya a ƙasa wanda hanyoyin haske biyu ke ratsawa ta gefe da gefe. Kada ganin gilashi ɗaya a ƙasan ya ruɗe ka, shi ma stereo ne na gaske, sai dai ya fi tsada kuma an fi samunsa a manyan ɗakunan bincike da na tiyata.

Ga mai aikin hannu, zurfin nan shi ne jarin. Wasu ƙananan kayan fanel tsawonsu milimita 0.6 ne, faɗinsu 0.3, sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Mai gyara yana riƙe da hantsaki a hannu ɗaya, ƙarfen narka dalma a ɗayan, dole ya san ko bakin ƙarfen ya sauka a kan ƙafar da yake nufi ko yana sama da ita da ɗan kaɗan. Hoto shimfiɗaɗɗe ba ya faɗa masa wannan sai ya ji ƙauri. Bayan zurfi akwai wasu abubuwa uku da suka kayar da ɗan yayata. Na farko fili: a madubin stereo na yau da kullum tsakanin gilashi da abin aiki akwai kusan santimita 10, in aka ɗaura ƙarin gilashin nan mai alamar 0.5x ya kai wajen santimita 16, hannu da kayan aiki su shiga su fita. A madubin asibiti gilashin 100x kusan taɓa silaid yake yi, tazarar ba ta kai rabin milimita ba. Sai haske: na asibiti daga ƙasa yake haskawa domin abin dubawar siriri ne da haske ke ratsawa, fanel kuwa ba ya barin haske ya wuce, shi ya sa yaron ya ga duhu. Stereo daga sama yake haskawa, galibi da zoben fitilar da ke kewaye da gilashin. Na ukun shi ne wanda mutane ba sa tsammani, madubin asibiti yana juya hoto. Ka tura abu dama ka gan shi ya tafi hagu, ka ja shi wajenka ka ga yana nisa. Ma'aikacin gwaji yakan saba tunda maɓalli yake murɗawa, amma babu mai iya liƙa dalma a haka. Stereo yana nuna abu a tsaye yadda yake.

Batun girman hoto shi ne tarkon da ya fi kama mutane, domin kowa na ganin lamba babba ta fi ƙarama. Madubin stereo da aka fi sani yana tafiya daga sau 7 zuwa sau 45, kuma mafi yawan aikin gyara a ƙasan wannan ake yinsa, domin in ka ƙara girma fili yana raguwa, ka daina ganin inda hannunka yake. Na asibiti kuma iyakarsa ta gaskiya wajen sau 1000 ce, maleƙi mai sau 10 a kan gilashin 100x. Hasken da ido ke gani ba ya iya rarrabe abubuwa biyu da suka fi kusan maikiromita 0.2 kusanci da juna, komai kyawun gilashi. In ka ga kwali yana alkawarin sau 2000 ko 2500, maleƙi mai ƙarfi aka ƙara masa, hoton zai yi girma ya kuma yi dishi-dishi, babu sabon abin da zai bayyana. Ni da kaina ba na ba makaranta ko asibiti shawarar ƙara ko sisi saboda wannan lamba.

Don haka zaɓin yana farawa daga abin da za ka sa a ƙarƙashin na'urar. In jini ne, ko majina, ko fitsarin da ake neman ƙwan tsargiya a ciki, ko bayan gida don tsutsar ciki, ko siririn ɓawon albasa a ajin kimiyya, madubin asibiti kake nema, wanda a kwali ake rubuta masa "compound" ko "biological". In fanel ne, ko agogo, ko zoben zinare, ko irin shuka da ake tantancewa, ko ƙwaron da ya huda wake a rumbu, stereo ne naka, kuma wani lokaci za ka ga an rubuta masa "dissecting", duk abu ɗaya ne. Masu binciken sauro duka biyun suke ajiyewa a kan benci ɗaya: a ƙarƙashin stereo suke feɗe sauron da allurai su ciro abin da suke nema, sannan su ɗora shi a silaid su koma ɗayan madubin don ganin ƙwayar cutar. Likitan ido ma, na'urar da yake ɗora haɓarka a kai yana haska siririn haske cikin idonka stereo ce, haka wadda ake aikin cire yanar ido a ƙarƙashinta, domin wuƙarsa tana bukatar sanin zurfi fiye da ƙarfen mai gyaran waya.

Ga makarantar sakandare mai ƙaramin kasafi, shawarata ita ce kada a raina mai maleƙi ɗaya. Hoton da yake bayarwa daidai yake da na mai biyu in gilasan ƙasa iri ɗaya ne, ɗalibi kuma minti kaɗan yake leƙawa ya ba wani. Gara a sayi masu ido ɗaya da yawa kowane rukuni ya samu, da a sayi mai ido biyu guda ɗaya aji ya yi layi. Akwai kuma batun wuta. Tunda mai maleƙi biyu yana raba haske gida biyu, yana son fitila mai ƙarfi, mai ɗaya kuwa yakan wadatu da ɗan madubin da ke kamo hasken rana daga taga. Asibitin karkara da zai sayi mai biyu ya nemi mai fitilar LED da batirin da ake caji, in ba haka ba aiki ya tsaya duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Akwai wasu kalmomin da ke yawo a wannan kasuwa. "Trinocular" ba ya nufin ido uku. Bututu na uku ne a sama da ake ɗaura kyamara, kuma ana samunsa a kan na asibiti da stereo duka. Shi ya sa in ka ga "binocular stereo microscope" babu cin karo, kalmar farko tana cewa babu bututun kyamara, ta biyun tana cewa akwai zurfi. Mai koyar da almajiran gyara zai amfana da bututun, su ga abin da yake yi a allo, amma ya tambaya ko hoton na fita a kyamara ba tare da an rufe ido ɗaya ba, domin a wasu na'urorin in ka ja sandar kyamara maleƙi ɗaya yana yin duhu, zurfin ya tafi. Su kuma ƙananan madubai masu allo kawai, ko waɗanda ake jona wa kwamfuta, kyamara ɗaya ce ke kallo. Suna da kyau wajen duba tsagewa ko nuna wa mai waya inda ta ƙone, kuma akwai masu gyaran da suka saba aiki da su, amma hoton a shimfiɗe yake.

Sai "biocular", wadda harafi ɗaya ya raba ta da "binocular". Masu ƙera kayan gani ne suka ware ta don na'urar da ke ba ido biyu hoto ɗaya daga gilashi ɗaya. Misalin da aka fi sani shi ne tabaran ganin dare na sojan Amurka mai suna PVS-7, bututu ɗaya a gaba, maleƙi biyu a baya. In da za a bi ƙa'ida sosai, madubin asibiti ma wannan suna ya dace da shi, sai dai kasuwa ba ta kiransa haka, kuma da ta kira shi da ɗan yayata bai yi asara ba. "Bifocal" kuwa ba ta cikin wannan dangi ko kaɗan, tabaran dattawa ne mai ƙarfi biyu a gilashi ɗaya, sama don nesa, ƙasa don karatu.

In aka ƙara harafin s aka ce "binoculars", an bar ɗakin gwaji an fita fili, wato madubin hangen nesa. Shi bututu biyu ne na gaske, don haka yana ba da zurfi ga abin da bai yi nisa sosai ba, musamman mai faffaɗar kafaɗa da aka ƙera da tsarin Ignazio Porro ɗan Italiya, wanda gilasansa na gaba sun fi idanu tazara. Amma ga mai fita duban jinjirin wata, zurfi ba ya cikin lissafi, watan yana nisan kilomita kusan 384,000, idanu biyu hoto ɗaya suke samu. Abin da zai duba shi ne lambobin jiki. A 7x50 ko 10x50, ta farko girman hoto ce, ta biyun faɗin gilashin gaba a milimita, kuma faɗin ne ke tara hasken almuru. Abin da ya wuce sau 10 yana rawa a hannu sai da matokari. Kada a kuskura a ɗaga shi wajen yamma kafin rana ta gama faɗuwa, leƙe ɗaya cikin rana na iya ƙona ido har abada.

Wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne ba kowane mai ido biyu ne ke ganin zurfi ba. Likitoci suna rarrabe "binocular vision", wato idanu biyu suna aiki tare, da "stereopsis", wadda ita ce matakin ƙarshe na wannan haɗin kai. Yaron da ya tashi da harara-garke ba a yi masa magani da wuri ba, ƙwaƙwalwarsa takan koyi yin watsi da hoton ido ɗaya don kada ya riƙa ganin abu biyu-biyu, ya girma yana auna nisa da inuwa da girman abu da motsin kai. Irin wannan mutum, da wanda ido ɗaya ya samu matsala, stereo zai ba shi fili da haske da hoto a tsaye, amma ba zai ba shi zurfin ba. Ya gwada kafin ya biya. Iyaye kuma in suka ga idon yaro yana karkacewa su kai shi asibitin ido tun yana ƙarami, lokacin da gyaran ya fi karɓuwa.

In za ka saya a shago, tafi da makulli a aljihu. Ɗora shi ƙarƙashin na'urar, ka ware maleƙan ko ka matse su har da'irori biyun su zama ɗaya. Saita hoton da ido ɗaya, sannan ka murɗa zoben da ke jikin ɗayan maleƙin har shi ma ya fito tas. Rufe ido ɗaya, ka canza. In haƙoran makullin sun ɗan sauya kusurwa kamar yadda yatsanka ya yi tsalle, stereo ne. Tura makullin dama ka ga inda ya nufa. In kuma bayan duk wannan saiti hoton ya ƙi haɗewa, ko ka ji idanunka na ja cikin minti biyu, gilasan ciki sun goce, abin da ke yawan faruwa da na hannu da suka sha faɗuwa a hanya, kuma gyaransa ba na bakin titi ba ne. Haska fitilar waya cikin gilasan ka nemi farin zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce da danshin damina ke haifarwa, tana cin fuskar gilashi. In ta intanet ne, nemi hoton ƙasan na'urar: faifai mai gajerun gilasai da ɗan teburi mai rami a tsakiya na asibiti ne, doguwar tazara da zoben fitila na aikin hannu ne.

Ɗan yayata ya samu wani ƙaramin ɗakin gwaji da ya karɓi na'urar a ƙasa da kuɗin da ya saye ta, na cika masa ya ɗauko stereo mai tafiya daga sau 7 zuwa 45, da ƙarin gilashin 0.5x da murfin leda saboda ƙurar hunturu. Da na leƙa shagonsa bayan sallah na same shi yana ɗaga wata ƙaramar aisi, ɗaya daga cikin ƙananan kayan lantarkin waya, daga fanel, na duba maɓallin girman hoton, yana kan mataki na biyu daga ƙasa.